Filin Tambaya da Amsa: Kalmar Turanci "on", Ma'anarta da Asalinta

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa sun zo daga garuruwa daban-daban, amma duk sun taru a kan kalma guda ta Turanci mai haruffa biyu kacal, wato "on", wadda take cikin rukunin ƙananan kalmomin nan da ake sanyawa kafin suna domin a nuna inda abu yake. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata makarantar firamare a Funtuwa, ina koyar da Turanci a aji huɗu. Na koya wa yarana cewa "on" tana nufin "a kan", kamar yadda mu ma aka koya mana. Sai wata yarinya ta nuna mini wata jimla a littafinsu, "The clock is on the wall", ta ce ai agogon ba a kan bango yake ba, domin da a kan bango yake da sai an sa tsani kafin a duba lokaci. Ajin ya kaure da dariya, ni kuwa har yanzu ban sami amsar da ta kwanta mini a rai ba. Shin littafin ne ya kuskure, ko fassarar?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Littafin bai kuskure ba, yarinyar kuma ta fi kusa da gaskiya fiye da waɗanda suka yi mata dariya. Fassarar ce ta gaza, domin "a kan" ɓangare ɗaya ne kawai na aikin da "on" take yi.

Abin da Bature yake lura da shi idan zai ce "on" shi ne abu biyu: cewa abin yana taɓa fuskar wani abu, da kuma cewa wannan fuskar ce take riƙe da shi ko take ɗauke da nauyinsa. Bai damu ba ko fuskar a kwance take kamar tebur, ko a tsaye kamar bango, ko ma a kife take tana kallon ƙasa kamar silin. Shi ya sa zai ce littafi yana "on the table", agogo yana "on the wall", ƙuda yana "on the ceiling", zobe yana "on her finger", mangwaro kuma yana "on the tree" muddin bai tsinke daga reshe ba. Tsuntsun da ya shige cikin ganyen wannan bishiyar kuwa "in the tree" yake, tunda shi ba a jikin reshe ya tsiro ba, rassa ne suka kewaye shi.

Hausa ba ta tara waɗannan wurare a ƙarƙashin kalma ɗaya ba. Ta raba su bisa ga sassan jikin mutum, kuma a nan matsalar ɗalibanmu take. "Kan" daga "kai" ta fito, saboda haka duk Bahaushen da ya ji "a kan bango" ƙololuwar bangon yake hangowa, kamar yadda ɗalibarki ta hango. Agogo a wurinmu a jikin bango yake, ƙuda a jikin silin, zobe a yatsa, gari kuma a bakin kogi. Wannan na ƙarshe ma Turanci da "on" yake faɗinsa: Lakwaja tana "on the Niger", Landan tana "on the Thames", alhali kuwa ba a saman ruwa aka gina su ba, gefensu ne yake manne da kogin. Ke nan kalma ɗaya ta Turanci tana tsaye a gurbin "kan", da "jikin", da "bakin", da kuma "a" ita kaɗai.

Ba Hausa kaɗai ce ta yi irin wannan rabo ba. Jamusanci, wanda ɗan'uwan Turanci ne na kusa, yana amfani da "auf" ga abin da ke zaune a saman tebur, sannan ya yi amfani da "an" ga abin da ke jikin bango, kusan daidai da bambancin "kan" da "jikin". Sifaniyanci kuwa ya wuce Turanci wajen tarawa, domin kalmarsa "en" tana ɗaukar abin da ke kan tebur da abin da ke cikin akwati baki ɗaya, tamkar yadda "a" tamu take yi a cikin "a gida" da "a ƙasa" da "a aljihu". Kowane harshe da inda ya ja nasa layin, kuma babu wanda ya fi wani hankali a cikin wannan.

Shawarata ita ce ki ajiye fassara a gefe ki nuna musu abin da ido. Ki ɗora alli a kan tebur ki ce "on", ki manna takarda a jikin allo ki ce "on", ki manna wata a jikin ƙofa ki sake cewa "on". Daga nan ki kira yarinya ɗaya ki riƙe littafi sama da kanta, tazarar taƙi guda, ba tare da ya taɓa ɗankwalinta ba, ki ce "above" ko "over". Sannan ki sauke shi a hankali har ya zauna mata a ka, ki ce "on". Wannan ɗan lokacin da littafin ya taɓa kai shi ne darasin duka, kuma daga nan ba za su sake cewa fankar silin tana "on the table" ba don kawai tana rataye a saitinsa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Maraɗi. Da Faransanci na yi karatu, yanzu nake koyon Turanci. Me ya sa ake cewa "in the car" amma a ce "on the bus", bayan kuwa duka biyun cikinsu mutum yake shiga? Haka kuma malaminmu ya soke mini "on the photo" ya rubuta "in the photo".

AMSA: Ɗana, kai nauyi biyu ne a kanka, domin Hausa tana ja ta nan, Faransanci yana ja ta can. Faransanci yana cewa "dans le bus" da "dans la voiture" da kalma ɗaya, Hausa ma tana cewa cikin bas da cikin mota, to dole "on the bus" ta yi maka baƙunta.

Bayanin da malaman Turanci suka fi bayarwa shi ne na faɗin abin hawan. Idan abin hawa yana da daɓen da mutum zai taka ya miƙe tsaye har ya yi tafiya a ciki, to "on" ake cewa: bas, jirgin ƙasa, jirgin sama, jirgin ruwa. Idan kuwa sai mutum ya sunkuya ya shiga ya zauna a kujerarsa, kamar ƙaramar mota ko tasi, to "in" ce. Abin da ake hawa a wara ƙafa, irin su keke da babur da doki da raƙumi, shi ma "on" ne, wannan kam ba ya buƙatar bayani. Ƙaramin kwalekwale "in" yake ɗauka, babban jirgin ruwa "on". Ka lura da cewa Hausa ma tana da irin wannan tunani a aikatau, domin muna cewa mun hau jirgi, mun hau bas, ba tare da kowa ya zaci a rufin muka zauna ba. Idan ka tuna da "hau", to "get on" ba za ta ƙara ba ka wahala ba.

Akwai wani ƙarin sirri da ba a cika faɗa ba. "On the bus" tana ɗauke da ma'anar cewa mutum fasinja ne a cikin motar da take kan aikinta na jigila. Idan tsohuwar bas ce da aka jingine a bayan tasha, tayoyinta sun sace, yara suna wasan ɓuya a ciki, to Bature zai ce suna "in the bus", tunda a wannan hali ta zama akwati kawai. Tafiya a ƙasa kuma "on foot" ce, ko da yake sauran hanyoyin tafiya "by" suke ɗauka, kamar "by car" da "by air".

Game da hoto, malaminku ya yi daidai, kuma "sur la photo" ce ta ja ka. Turanci yana ɗaukar hoto a matsayin fili mai iyaka wanda mutanen da aka ɗauka suke cikinsa, saboda haka "in the photo" suke. Abin da zai kasance "on the photo" shi ne ɗigon shayi ko ƙurar da ta sauka a fuskar takardar. Da wannan ma'auni ne labari yake "in the newspaper" ko "in the book", amma "on page 5", "on the list", "on the map". Na'urorin sadarwa kusan duka "on" suke bi: "on the radio", "on television", "on the phone", "on Facebook". Sai dai ka sani cewa su kansu masu harshen ba su daidaita a ko'ina ba. Mutumin Ingila yakan ce yara suna wasa "in the street" kuma zai zo "at the weekend", na Amurka ya ce "on the street" da "on the weekend", kuma babu wanda za a ce ya yi kuskure.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, na yi ritaya, karatu ne abin da ya rage mini. An ce yawancin kalmomin Turanci daga Latin da Faransanci aka aro su. Shin "on" ma aro ce? Kuma mene ne bambancinta da "upon", wadda a zamaninmu ita muke sakawa a wasiƙun ofis?

AMSA: Ranka ya daɗe, gaskiya ne cewa fiye da rabin kalmomin da ke cikin ƙamus na Turanci daga Latin da Faransanci suke, musamman tun bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Amma "on" ba ta cikinsu. 'Yar gida ce, tana cikin kayan da kabilun Angul da Sakson da Jut suka ƙetaro da su daga yankunan da yanzu suke arewacin Jamus da Denmak zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5. Harsuna sukan ari sunayen kaya da na mulki da na addini cikin sauƙi, amma ba kasafai suke aron irin waɗannan ƙananan kalmomi ba. Hausa ma ta ari "littafi" da "alƙali" daga Larabci, ta ari "tebur" da "mota" daga Turanci, amma "kan" da "cikin" da "bayan" nata ne.

Masana tarihin harsuna sun maido da kalmar ga wata tsohuwar siga, "ana", ta harshen da ya haifi dukkan harsunan dangin Jamusanci. Da wannan sigar ta bayyana a harshen Got, wani tsohon harshe na wannan dangi wanda aka rubuta tun ƙarni na 4. Ita ce ta zama "an" a Jamusanci, "aan" a harshen Holan, da "á" a tsohon harshen mutanen Sikandinebiya. Idan aka ƙara komawa baya, tana da dangantaka da "ana" ta Girkanci mai nufin sama, wadda take a farkon kalmomi irin su "anatomy" da "analysis". Ashe waɗannan manyan kalmomi na kimiyya da ƙaramar "on" kakansu ɗaya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihinta shi ne cewa a dā ta fi yadda take a yau faɗi. A karin harshen Wesseks, masarautar Sarki Alfred wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, kuma karin da aka fi yin rubutu da shi a wancan zamani, "on" ta kusa cinye "in" gaba ɗaya. Marubutan lokacin suna rubuta "on Englisc" a inda yau ake cewa "in English", kuma da "on" suke cewa abu ya faru a cikin shekara kaza ko a cikin gari kaza. Daga baya ne, a ƙarnonin da suka biyo bayan zuwan Normawa, "in" ta dawo ta karɓi abin da ya shafi ciki, ta bar wa "on" abin da ya shafi fuska da jiki. Rabon bai tafi bisa wata doka da aka zauna aka tsara ba, amfani ne na yau da kullum ya yanke shi, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa har gobe ake samun wuraren da ba su bi ƙa'ida ba, irin su "on the farm" tare da "in the garden".

A wancan tsohon Turanci, ƙarshen suna yakan sauya bisa ga aikinsa a jimla, kamar yadda wanda ya karanta nahawun Larabci ya san i'irabi. Da wannan sauyin ake gane ko "on" tana nufin abu yana zaune a wuri ne ko kuwa yana tafiya zuwa wurin. Jamusanci har yau haka yake yi. Da waɗannan ƙarshe-ƙarshen suka zube daga Turanci, sai aka rasa wannan alama, kuma "onto" ce take cike gurbin a yau: mage ta yi tsalle "onto the table", sannan ta zauna "on the table".

Har ila yau, "on" tana ɓoye a cikin kalmomi da yawa da ba a zato. Idan ba a ƙarfafa ta wajen furuci ba takan lanƙwashe ta koma "a", sannan ta manne da sunan da ke bin ta. Ta haka "on life" ta zama "alive", haka kuma aka sami "asleep", "ashore", "afoot" da "away", wadda asalinta "on weg" ne, wato a kan hanya. "Among" daga "on gemang" take, ma'ana a cikin taro. Wasu ma sigogin biyu suna nan da rai kafaɗa da kafaɗa, kamar "on fire" da "afire", ko "on board" da "aboard".

Ita kuwa "upon" haɗin "up" ne da "on", kuma ana ganin ta sami ƙarfi ne daga "upp á" ta 'yan Baikin, mutanen Sikandinebiya waɗanda suka zauna a arewaci da gabashin Ingila daga ƙarni na 9. Wannan haɗin ne dai ya taƙaice ya zama "på" a harsunan Suwidin da Nowe da Denmak na yau. Ta fuskar ma'ana babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninta da "on", illa dai "upon" ta fi nauyi da kamala, shi ya sa ta dace da wasiƙun ofis na zamaninku da takardun shari'a. Ta kafu a wasu wurare da ba a taɓa ta, kamar "once upon a time" da ake buɗe tatsuniya da ita, da sunayen garuruwa irin su Newcastle upon Tyne. Amma ba a sa ta a maganar na'ura ko ta ranaku, babu mai cewa "upon the radio" ko "upon Monday". A rubutun yau ina ganin "on" ta wadatar a mafi yawan wurare, kuma yawan cusa "upon" yakan sa wasiƙa ta yi kama da sammaci.

TAMBAYA: Malam, sakatariya ce ni a wani ofishi a Gusau. Wani baƙo daga ƙasar waje ya kira, na ce masa maigidan "is not on seat", sai ya kasa ganewa. Kuma ina yawan rikicewa wajen rubuta kwanan wata a takardun gayyata.

AMSA: Hajiya, "not on seat" Turancin Nijeriya ne da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Duk wanda ya taɓa bin fayil a sakatariyar jiha ya san ta, amma a wajen yankinmu ba a amfani da ita. Ga baƙo sai ki ce "he is not at his desk" ko "he is out of the office". Haka ma mayar da "on" aikatau, kamar a ce "on the generator" da nufin a tayar da janareta, namu ne na gida. Daidaitaccen Turanci yana buƙatar aikatau a gabanta, "switch on" ko "turn on". Ba na cikin masu ganin Turancinmu abin kunya ne, domin babban ƙamus na Oksfod da kansa ya shigar da kalmomin Nijeriya da dama a watan Janairu na 2020, har da "Kannywood" da "okada". Magana ce ta sanin wanda ake magana da shi, da kuma sanin cewa mai duba takardar WAEC ko NECO zai ja jan biro a ƙarƙashin irin su "not on seat".

Batun lokaci kuwa mai sauƙi ne. Rana da kwanan wata "on" suke ɗauka, wata da shekara "in", ƙarfe kaza kuma "at". Nijeriya ta sami 'yancin kai "on 1 October 1960", amma "in October" ko "in 1960". Ana cewa "in the morning", sai dai da zarar an ambaci ranar sai ta koma "on Friday morning". Idan kuma "next", "last", "this" ko "every" ta zo gaban ranar, to ba a sa komai, "next Monday" kawai ake rubutawa. Ki kuma bambanta "on time", wato daidai lokacin da aka sa, da "in time", wato kafin dama ta wuce.

Wuri ɗaya da nake so ki sa wa ido a takardun taro shi ne inda "on" take nufin "game da". A nan ta yi daidai da Hausa, tunda mu ma muna cewa lacca a kan noma, Bature ya ce "a lecture on farming". Wannan dacewar ce take jan mu mu sa ta inda ba ta da gurbi, saboda mun saba da cewa an tattauna a kan batu. Sunayen "discussion" da "emphasis" suna karɓar "on", amma aikatau ɗinsu ba sa karɓa: "discuss the budget" ake rubutawa, haka ma "emphasise the point", ba tare da komai a tsakani ba. Waɗanda suke buƙatarta dole su ne irin su "depend on", "insist on", "comment on" da "congratulate on". Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi kuskurewa a katunan taya murna, inda ake rubuta "for". Idan maigidanki ya sa ki rubuta wa wani takardar taya murnar ƙarin girma, ki rubuta "congratulations on your promotion".